Lambun da Ya Miƙe Tsaye a Shagari

Ƙanwata malamar aikin gona ce a wata ƙaramar sakandare da ke wani ƙauye a ƙasar Shagari. Ita ta ɗora mini aikin da ya kai ni wurin 'yan katako a Sakkwato da sassafe, a ƙarshen watan Nuwamba: in sayo mata tsofaffin falet guda shida, katakon nan da ake jera kaya a kai a sito don kada su taɓa ƙasa, in kuma raka su har makaranta. Ɗalibanta za su kafa su a jikin bangon aji, su zuba ƙasa, su shuka ganyen miya. A waya ta ga an yi, abin ya shiga ranta, ni kuwa na san halinta tun tana goye, in ta ƙudura abu gara mutum ya tashi ya nemo mota.

"Yaya, ka duba hatimin da ke jiki kafin ka ba da kuɗi," in ji ta. "In ka ga HT ka ɗauka. In ka ga MB ka bar musu kayansu."

Wannan hatimi ba ado ba ne. Tun 2002 ƙasashen duniya suka amince da ƙa'idar cewa duk katakon da zai tsallaka iyaka ɗauke da kaya sai an kashe ƙwarin da ke cikinsa. Ko dai a gasa shi har zafin cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, a buga masa HT, ko a turara shi da iskar guba mai suna methyl bromide, a buga masa MB. Na farko wuta kaɗai ya sha. Na biyu kuwa ba wanda zai so ya shuka abin da yara za su ci a cikinsa. Akwai kuma na gida da ba su da hatimi ko kaɗan, waɗanda sai dai mutum ya sunsuna, ya duba tabo, domin wani ya shekara a ƙarƙashin jarkokin maganin ƙwari ko gangar mai. Na dinga juya katako ina leƙen gefe, mai kayan yana kallona.

"Alhaji, mi za ku yi da su haka?"

Na ce lambu, a Shagari.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Hili ya ƙare Shagari?"

Ban ba shi amsa ba, don tambayar da ke bakina ke nan tun daren jiya. Kuma bai rage mini ko sisi ba. Falet ba shara ba ce a Sakkwato. Kafinta na jiransa ya yi kejin kaji, mai shayi na so ya yi tebur, mai tuyar ƙosai na jiran gutsattsarin. A Turai ne ake neman yadda za a rabu da shi. A nan duk abin da zai ci wuta yana da farashi.

Mun ɗaure su a bayan a-kori-kura muka kama hanyar Birnin Kebbi. Muka wuce makarantar horar da malamai mai sunan Shehu Shagari, muka wuce kwanar filin jirgin sama, gari ya saki, gonaki suka karɓa. Gero ya daɗe da shiga rumbu, dawa ce ake ƙarasa yanka. Hazon hunturu ya fara sauka, gawo kuwa, da ya yi damina tsirara, ya fito da ganye shar. Abin da ya fi ɗaukar idona shi ne harawa. Kowane gida an ɗora ta a sama: a kan rumfa, a kan soro, a cikin rassan itace. Karan dawa ma an tattare shi an jingine, ba a bar ko ɗaya a gona ba. Dalili ɗaya ne, kuma yana yawo da ƙafa huɗu a bakin titi: jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta bi ayarin Sahara shekaru aru-aru har Turawa suka sa mata sunan Maroko. Da an gama kaka ake sakin dabbobi, daga nan duk koren da bai hau sama ba, ko ba a kewaye shi da ƙaya ba, ya zama nata.

A Bodinga muka tsaya sayen ƙusa, waya da buhunan shinkafa da aka juye. Wanda bai san tarihi ba zai ɗauka zango ne kawai na shan mai da sayen rake. Amma a nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Gwandu, Sifawa kuma, da ke kusa, ita ce mazaunin Shehu Usmanu daga wajen 1810 har ya koma Sakkwato a 1815, shekara biyu kafin rasuwarsa. Lokacin zaman Sifawa ne aka raba kula da daula, yamma ga Abdullahi, gabas ga Muhammadu Bello. Ƙasa ce ta malamai da alƙalami tun fil'azal. Ban shiga Sifawa a wannan tafiyar ba, direba yana sauri.

Sai dai kafin mu tashi na leƙa wani lungu bayan shagon mai ƙusa. Danga ce ta kara, soso ya naɗe ta har ya bushe, kabewa ta hau rufin ɗaki ta kwanta, ga zogale a kusurwa an kewaye gindinsa da fasasshiyar randa. Babu wanda ya kira wannan da wani suna, babu wanda ya ɗauke shi hoto ya sa a intanet. Kakanninmu mata sun daɗe da sanin cewa shuka tana hawa, kuma bango ma wurin noma ne.

Daga Bodinga zuwa Shagari tafiya ce ba mai tsawo ba. Garin yana kan babban titin da ya miƙe Tambuwal da Jega, kuma in ba don sunan ba, matafiyi zai iya wucewa bai waiwaya ba. Sunan kuwa ya zaga duniya. A nan aka haifi Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari ranar 25 ga Fabrairu 1925, ɗan Magajin Shagari Aliyu, a nan kuma aka binne shi bayan rasuwarsa a Abuja ranar 28 ga Disamba 2018. Mutane suna tuna Turakin Sakkwato da shugabancin ƙasa daga 1979 zuwa 1983, suna mantawa cewa da alli ya fara: ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya yi hedimasta a Argungu, ya kuma rubuta Waƙar Nijeriya yana malamin makaranta.

Duk wanda ya zo garin nan da zancen noma a baki, dole ya tuna 1980. A shekarar ce gwamnatin Shehu Shagari ta ƙaddamar da shirin Green Revolution, magajin shirin ciyar da ƙasa da Obasanjo ya fara a 1976, wanda ya sa makarantu da barikoki da ma'aikatu suka yi ta kafa 'yan gonaki a bayan gini. An yi maganar taraktoci, takin zamani, iri mai inganci da manyan madatsun ruwa. A wannan shekarar dai, cikin Afrilu, 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman Bakolori da ke neman diyyar gonakin da aikin madatsa ya cinye. Kafin sojoji su kifar da gwamnatin a ranar ƙarshe ta 1983, shinkafar waje ce ke cika tashoshin jiragen ruwan Legas. Ba na cikin masu ɗora wa mutum ɗaya wannan kaya, kuɗin man fetur ne ya sa sayo abinci ya fi noma shi sauƙi. Amma tun daga lokacin nake ɗari-ɗari da duk dabarar noma da aka ƙulla a wani wuri aka sauke wa manomi a ƙofar gida, babba ce ko ƙarama. Ga shi yau ni ne ɗan dakon wata.

Garin Shagari yana da madatsar ruwa, kuma albarkarta a bayyane take. Inda ruwa ya kai, ƙasa kore ce: albasa, tattasai, tumatir, injinan ban ruwa suna ta ƙugi. Inda bai kai ba, jan rairayi ne har damina. Ruwan nan kuma ya taɓa sa garin kuka. A watan Afrilun 2022 kwalekwale ya kife da mutanen Gidan Magana, mutum 29 suka rasu, galibinsu yara da matasa, kuma itacen girki suka fita nema. Allah Ya jiƙansu. Na waiwaya na dubi katakon da ke bayan motarmu, na san a ƙauyen da za mu, akwai matar da za ta dube shi ta ga girkin kwana da kwanaki.

Makarantar ajujuwa ne 'yan kaɗan a fili fetal, ba katanga, da famfon tuƙa-tuƙa guda a can gefe wanda rabin ƙauyen ke ɗiba. Yara sun fito sun yi cincirindo. Malama ta raba su, maza da guduma da zarto, mata da kwanukan haɗa ƙasa. Ba a jima ba rabon ya rushe, don wata yarinya 'yar aji uku, ɗiyar kafinta, ta karɓe guduma daga hannun wani yaro da ke lanƙwasa ƙusa, ba ta kuma mayar ba.

Aikin kansa ba wuya. Ana ɓamɓare wasu faifan katakon, a mayar da su ƙarƙashin waɗanda suka rage, sai kowane layi ya zama ɗan kwami mai tsawo, hawa huɗu a kowane falet. A shimfiɗa buhu a ciki, a kama shi da ƙusa. Don kada ƙusar ta yage buhun, sai a fara huda marfin kwalbar lemo a sa ta ciki, dabarar da ba daga waya ta fito ba, daga masu rufin rumfar kasuwa ce. Ƙasar kuwa haɗi ce: ta fadama da aka ɗebo a amalanke, rairayi kaɗan, ruɓaɓɓen takin awaki, da buntun shinkafa don ta yi sakayau, kada nauyi ya yi yawa.

Gardama uku aka yi, kuma a wurinsu na ga karatu.

Ta farko kan gara. Wani yaro ya ce a shafe katakon da baƙin mai, yadda babansa ke yi wa azara da ƙyauren ɗaki. Malama ba ta ce masa a'a ba, ta tambaye shi ko zai ci latas ɗin da saiwarsa ta sha baƙin mai. Aka yi dariya, shi ma ya yi. A ƙarshe aka babbaka ƙafafun katakon a wuta sama-sama, aka ɗora su kan bulo, aka bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da bango, don danshi kada ya ci ginin, don kuma in gara ta fara gina hanyarta a gan ta. Aka ɗaure kowanne da waya a jikin ƙarfen da aka kafa. Jiƙaƙƙiyar ƙasa nauyi gare ta, ba a wasa da abin da zai iya faɗo wa yaro.

Ta biyu kan wane bango. Malama ta so na yamma, don shi ke kallon hanya, masu wucewa su gani. Yaran suka ƙi. Ranar la'asar a nan ba ta da tausayi, bangon siminti kuma yana riƙe zafi har bayan magariba. Suka zaɓi na gabas, lambun ya sha hantsi ya huta da yamma. Sai wani ya tuna cewa iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, za ta busar da ganyen. Aka aiki yara biyu suka ɗauko zana aka kafa ta wannan gefen. 'Ya'yan manoma ne, tun suna rarrafe suke cikin gona. Abin da littafin aji ya hana su shi ne a tambaye su. A makarantu da yawa aikin gona horo ne: ka makara, ɗauki fartanya. Yaron da aka saba wa haka yakan gama sakandare da ƙudurin ba shi ba ƙasa har abada.

Ta uku ita ce babba, ruwa. A nan ne nake da ja da masu tallan irin wannan lambu. Suna cewa yana tsimin ruwa. Rabin gaskiya ce. Ruwan da aka zuba a hawan sama yana ɗigowa na ƙasa, ba ya ɓacewa cikin rairayi, wannan haka ne. Amma ƙasar da ba ta wuce zurfin taƙi ɗaya ba, wadda iska ke duka ta gaba da baya, tana bushewa da sauri fiye da kwamin da ke ƙasa. A garin da ruwan sama ke zuwa daga Yuni zuwa Satumba ya ɗauke, zafin Afrilu kuma ya haura digiri 40, wuni ɗaya aka manta da shi an yi asara. Yaran suka huda robobin ruwa da allura suka kifa a kowane hawa, su riƙa ɗiga a hankali. To, wa zai riƙa cika su, ga layin mata a famfo tun asuba?

Wata yarinya da ba ta ce uffan ba tun safe ta ɗaga hannu.

"Malama, ruwan alwala. Innarmu bisa kwano muka yi, ta zuba ma yakuwa."

Nan take aka je aka duba inda ɗalibai ke alwalar azahar. Ƙasar wurin kullum a jiƙe take, har ciyawa ta fito. Aka yanke shawarar a ajiye babban baho. Ni dai a duk abin da na gani a ranar, wannan ya fi burge ni, kuma ba shi da alaƙa da katako.

Da aka zauna hutawa a inuwar dogon yaro, Malama ta nuna musu hotuna a waya. Ga bangon gidan tarihi na Quai Branly a Paris, wanda masanin tsirrai Patrick Blanc ya lulluɓe da ganye daga ƙasa har sama. Ga dogayen benaye biyu na Milan a Italiya da aka gama a 2014, itatuwa a kowace baranda. Yara suka yi ta salati. Waɗannan ado ne na masu kuɗi, famfo da injin ke shayar da su dare da rana. Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Dakar. Tun 1999 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Senegal suka fara koya wa mazauna birnin, galibi mata, noman ganye a kan tebura da ake harhaɗawa da irin wannan katakon, ana zuba ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa maimakon ƙasa. A unguwar Kibera ta Nairobi kuma buhu ake cikawa da ƙasa a tsayar, a huda gefe a dasa. Dakar da Kibera duk matsalarsu ɗaya: mutane sun yi yawa, fili babu.

Wannan ya dawo da mu kan ko Shagari na bukatar abin. Fili bai ƙare ba, gaskiya. Amma fili na wa? Gonar tudu ta maigida ce, kuma wata huɗu take aiki. Fadama ta wanda ya gada ce ko mai kuɗin haya da injin. Matar aure da ke cikin gida, da budurwar da ba za a bari ta tafi bakin madatsa ita kaɗai ba, abin da suke da shi tsakar gida ce, ita ma sun raba da awaki, kaji, turmi, murhu da igiyar shanya. Su ke miya kullum, su ke aiken yaro da kuɗi ya sayo alayyafo da rani lokacin da ya yi tsada. Ba su da kadada, amma kowace tana da bango huɗu. In wannan lambu yana da masu shi a ƙasar Shagari, su ne. Makaranta wurin gwaji ce kawai, kuma na lura 'yan matan ne ke tambayar abin da ya shafi gida: in ba katako fa, tsohon bokiti zai yi? A rataya a danga ko a kafa masa turke? Mazan sun fi damuwa da wa ya iya zarto.

Kafin la'asar an dasa. Latas da na'a-na'a a hawan sama, alayyafo da albasa mai lawashi a tsakiya, yakuwa da lalo a ƙasa. Hawan ƙasa aka kewaye da ƙayar magarya, amma maigadin makarantar, dattijo mai carbi, ya girgiza kai.

"Malama, akuyar garin ga tsaye taka ci. In ta ɗora ƙahwa bisa na ƙasa, na biyu ma nata na."

Aka ƙara ƙaya. Sannan ya kawo maganar da ba wanda ya tuna: hutun ƙarshen shekara saura mako uku, wa zai yi ban ruwa? Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji shi. Aka yi ciniki a tsaye. Shi zai kula da safe, yaran da gidajensu ke kusa su karɓa da yamma bi da bi, ladansa kuwa na'a-na'ar shayi da duk abin da ya nuna a cikin hutun.

Falet huɗu aka kafa, biyu suka rage. Hedimasta, wanda tun safe yake zagayawa hannu a baya bai ce komai ba, ya ja Malama gefe. A aji ɗaya yara a ƙasa suke zama. Katako biyun nan za su ba da benci. Ta so ta yi musu, ta dube ni, na kau da kai. Ban ga yadda za a ce wa mutum latas ya fi wurin zaman yaro ba. Ɗiyar kafintan nan aka ba saƙo ta kai wa babanta.

Na kwana a garin Shagari, washegari na samu motar da ta taso daga Jega, cike da buhunan albasar Aliero, na koma Sakkwato idanuna na ruwa.

Cikin Fabrairu Malama ta kira ni. Latas ɗin hawan sama ya ƙone tun tsakiyar Janairu, robobin ba su iya masa ba. Alayyafo an yanka sau biyu, an sayar wa malamai, kuɗin yana hannun ma'ajin aji da littafin lissafi. Yakuwa ko a jikinta. Gara ta gwada falet ɗaya, yaran suka ga hanyarta a jikin bulo suka rushe, suka zuba toka. Gidaje uku a ƙauyen sun rataya tsofaffin bokitai da jarkokin da aka yanka a jikin danga, ba wanda ya sayi katako. Ta ce kafin zafin Maris za su kwashe hawan sama gaba ɗaya su bar shi fayau, su yi wa sauran rumfar zana, in kuma zan zo hutun salla in taho mata da irin rama da na lalo daga kasuwar Sakkwato.